Wayar hannu da rumbun bayanan kamfani: inda ya kamata a shata iyaka

Ƙarfe biyu da rabi na dare, wayar mai kula da rumbun bayanan wani kamfani ta yi ƙara a gefen gadonsa. Saƙon gajere ne: faifan ajiyar uwar garke, wato babbar kwamfutar da rumbun yake zaune a kanta, ya cika kashi 96 cikin ɗari. Shi ya san ma'anar wannan, domin da zarar faifan ya cika fal rumbun zai daina karɓar sabon rubutu, babu cinikin da zai shiga, babu biyan kuɗin da zai tabbata, babu odar da za ta wuce. A shekarun baya sai ya sa tufafi ya kama hanyar ofis, ko ya kunna kwamfutar gida ya jira layin tarho ya haɗa shi. A yau kuwa yana daga kwance zai buɗe manhaja, ya ga abin da ke cinye wurin, ya taɓa maɓallin ƙara girman faifan, kafin minti biyar ya koma barcinsa. Wanda bai taɓa riƙe irin wannan amana ba da wuya ya gane girman wannan sauƙi.

Lissafin ma a bayyane yake. Kamfanin da ya yi wa abokan hulɗarsa alkawarin cewa tsarinsa zai kasance yana aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci, rarar lokacin tsayawar aiki da ta rage masa a shekara guda ba ta kai awa 9 ba. Idan kuwa alkawarin na kashi 99.99 ne, ba ta kai minti 53 ba. Tafiyar rabin awa daga gida zuwa ofis kaɗai ta isa ta cinye fiye da rabin wannan rara. Shi ya sa masu kula da kwamfutoci suke cikin mutanen farko da suka rungumi ƙananan na'urorin hannu. A 1995 Tatu Ylönen, ɗan ƙasar Finlan, ya ƙirƙiro SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa ta kafa rufaffiya wadda mai leƙen asiri a tsakani ba zai iya karanta abin da ke bi ta cikinta ba. Na'urar Palm ta fito a 1996, BlackBerry ta biyo baya daga Kanada a 1999, sai iPhone a 2007 da wayoyin Android a 2008. Daga nan kamfanoni suka shiga kwashe rumbunansu zuwa cibiyoyin haya irin na Amazon da Microsoft da Google, waɗanda kowannensu yake da manhajar waya ta duba lafiyar abin da aka ajiye a wurinsa.

Abin da yake damuna shi ne, wayar da ta ƙara girman faifan nan cikin minti biyar, ita ce kuma za ta iya share teburin abokan ciniki, wato jerin bayanansu da ke cikin rumbun, gaba ɗaya cikin daƙiƙa biyar, muddin an ba ta izinin yin haka, kuma kamfanoni da yawa sun ba ta wannan izini ba tare da sun zauna sun yi shawara a kai ba. Ra'ayina shi ne a bar wa wayar hannu damar ganin komai game da lafiyar rumbun, a ba ta wasu 'yan ayyuka ƙididdigaggu da aka riga aka rubuta aka kuma gwada da rana tsaka, amma a hana ta buɗaɗɗen mabuɗin da zai ba mutum damar rubuta duk umarnin da ya ga dama a kan bayanan da kamfani yake rayuwa da su.

Dalilina na farko, kuma mafi nauyi a wurina, bai ma shafi masu kutse ba. Ya shafi amintaccen ma'aikaci ne da babban yatsansa. A harshen SQL, wanda akasarin rumbunan kasuwanci suke amfani da shi, umarnin goge bayanin mutum guda yana farawa da kalmar DELETE da sunan teburin, sannan a biyo da sharaɗin WHERE wanda yake fayyace layin da ake nufi. Idan wannan sharaɗi ya faɗi, umarnin bai zama kuskure a idon rumbun ba, ya zama cikakken umarni na goge duk abin da ke cikin teburin, kuma rumbun zai aiwatar da shi ba tare da tambaya ba. Yanzu a dubi fuskar waya: faɗinta bai wuce tafin hannu ba, madannai sun rufe rabinta, dogon umarni yana karyewa gida uku ko huɗu, maɓallin aikawa yana manne da na gogewa, ga kuma tsarin gyaran rubutu da kan sauya kalma ba tare da an roƙe shi ba. Mafi muni, sunan uwar garken da mutum yake ciki sau da yawa yakan haye sama ya ɓace daga gani, alhali tsakanin rumbun gwaji da rumbun da ake kasuwanci a kansa bambancin suna bai wuce harafi ɗaya ko lamba ɗaya ba.

Wannan ba tsoron banza ba ne. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, mai ajiye ayyukan masu rubuta manhaja, yana ƙoƙarin gyara rumbun ko-ta-kwana da dare ya riga ya yi nisa, sai ya bayar da umarnin gogewa a kan babban rumbun, yana zaton yana kan ƙaramin. Kafin ya farga ya dakatar da shi, daga cikin gigabait kusan 300 abin da ya rage bai kai 5 ba. Da aka juya ga kwafin ajiya, sai aka tarar cewa daga cikin hanyoyi biyar da aka tanada babu wadda take aiki yadda aka zata, abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa 6 kafin aukuwar lamarin. Bayanan waɗannan awanni sun salwanta, ciki har da ayyuka kusan 5,000 da asusun mutane kusan 700. Kamfanin ya cancanci yabo da ya fito fili ya bayyana komai, har sauran jama'a suka ɗauki darasi. Abin lura a nan shi ne ƙwararre ne ya yi wannan kuskure, cikin gajiya, a tsakanin sunaye biyu masu kama da juna, kuma ƙaramar fuskar waya ba abin da take yi illa ƙara kusanto da irin wannan rana.

Sai batun yankewar sabis, wanda mutane ba su cika kawo shi a lissafi ba. Rumbun bayanai yana ɗaure ayyuka da dama su zama ƙulli guda: a buɗe da BEGIN, a tabbatar da COMMIT, ko a janye da ROLLBACK. Tsakanin buɗewa da tabbatarwa, rumbun yana kulle layukan da ake taɓawa domin kada wani ya sauya su. To, idan mai gyaran yana cikin mota ko jirgin ƙasa, ya buɗe ƙullin, ya sauya wasu layuka, sai sabis ya ɗauke kafin ya tabbatar, uwar garken ba lallai ta san ya tafi ba. A tsarin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da uwar garke, idan ba a sauya saitin asali ba, sai an yi awa 2 shiru kafin a fara binciken ko ɗaya ɓangaren yana nan. Duk tsawon wannan lokaci makullan suna nan daram, sauran ayyuka suna jeruwa a baya suna jira, har tsarin da aka shigo gyarawa ya tsaya cik. Akwai magani: manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL ta ƙara saitin katse irin wannan zama tun fitowar 9.6 a 2016, akwai manhajar Mosh da ta fito daga jami'ar MIT a 2012 domin jure wa sauyin hanyar sadarwa, akwai kuma tmux da ke riƙe zaman aiki a kan uwar garken ko da waya ta yanke. Sai dai duk waɗannan sai an tanade su tun kafin a shiga matsala, domin ba a tsakiyar dare ake koyon su ba.

Hanyar da wayar take bi ta isa rumbun ita ma abin dubawa ce. Hanya mafi sauƙi, wadda kuma ta fi kowace haɗari, ita ce a buɗe ƙofar rumbun kai tsaye ga intanet domin a iya shiga daga ko'ina. Ƙofofin nan sanannu ne, kowace manhajar rumbu da lambar ƙofarta, 3306 ta MySQL, 5432 ta PostgreSQL, 1433 ta SQL Server, 27017 ta MongoDB, kuma dare da rana akwai na'urorin da ba su da aiki sai ƙwanƙwasa su. A Janairun 2017 an wawushe rumbunan MongoDB fiye da 20,000 da aka bari a buɗe ba kalmar sirri, aka bar wa masu su takardar neman kuɗin fansa. Hanyar sadarwa mara waya ita ma ta taɓa jawo babbar asara: kamfanin TJX na Amurka ya sanar a 2007 cewa an sace bayanan katunan kuɗi sama da miliyan 45, kuma ɓarayin sun fara samun shiga ne ta Wi-Fi ɗin shagunansa da ke amfani da tsohon makullin WEP, wanda masana suka nuna rauninsa tun 2001. Ko rufaffiyar hanyar VPN ba ta wadatar ita kaɗai, domin a 2021 da kalmar sirri guda ta wani tsohon asusun VPN mara tabbaci na biyu aka shiga kamfanin Colonial Pipeline, aka tsayar da bututun mai, aka kuma karɓi kuɗin fansa kusan dala miliyan 4.4. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ake yi domin sauƙaƙa wa mai gida shiga, kowa yana ganinta.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da waya. Hikimar tabbaci mai mataki biyu ita ce a raba makullai biyu a wurare biyu, kalmar sirri a kwamfuta, lambar tabbatarwa a waya. Idan wayar ce take shiga rumbun, ita ce take ajiye kalmar sirrin, ita ce kuma take karɓar lambar, makullan biyu sun koma aljihu ɗaya. Lambar da ke zuwa ta saƙon tes ta fi rauni, domin ana iya yaudarar kamfanin sadarwa a mayar da layin mutum kan wani sim, kamar yadda aka yi wa Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, a watan Agustan 2019. A Satumban 2022 kuma an shiga tsarin Uber bayan an yi ta turo wa wani ɗan kwangila buƙatar amincewa a wayarsa har ya danna amincewa da ɗaya. Waya tana faɗuwa, ana mance ta, ana fizge ta, yara suna wasa da ita. Kamfanin da yake riƙe da bayanan mazauna Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta ba shi awa 72 ne ya sanar da hukuma idan bayanai suka fita, tara mafi girma a ƙarƙashin dokar kuma tana iya kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikinsa na shekara a duniya, duk wanda ya fi yawa.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Suna cewa matsalar da aka hango aka rubuta mata maɓalli ba ita ce take rusa kamfani ba, wadda ba a taɓa gani ba ce, kuma a irin wannan rana ɗaure hannun ƙwararre yana nufin a zuba ido ana asara. Haka ne. Amma amsar wannan ita ce a tanadi mabuɗin gaggawa na wucin gadi: mai kula ya nema, mutum na biyu ya amince daga tasa na'urar, izinin ya mutu da kansa bayan awa ɗaya, kuma a rubuta duk umarnin da aka bayar a wurin da shi mai bayarwar ba zai iya gogewa ba. Jinkirin da wannan zai jawo bai wuce 'yan mintuna ba, kuma a cikin mintunan nan ne mutum yake wartsakewa daga barci, wani ido na biyu kuma ya dubi sunan uwar garken kafin a taɓa komai. Ayyukan yau da kullum kuwa, irin su sake kunna manhajar rumbun, katse umarnin da ya maƙale, ƙara wurin ajiya, ko karkatar da aiki zuwa rumbun ko-ta-kwana, duk ana iya mayar da su maɓallan da ba sa karɓar rubutun hannu.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba a cika faɗa ba a tarurrukan sayen manhaja. Kamfanoni da dama suna ɗaukar wayar hannu a matsayin madadin ɗaukar ma'aikaci na biyu. Tunda ana iya samun mutum ɗaya a kowane lokaci, sai a mayar da shi mai gadin dare da rana, yana wurin jinyar mahaifiyarsa wayar tana hannunsa, yana hutun shekara tana ƙarƙashin matashinsa. Ina ganin wannan zalunci ne ga ma'aikacin, kuma ganganci ne ga dukiyar kamfanin, domin gajiyayyen mutum shi ne ya fi kowa kusa da kuskuren da ba ya gyaruwa. Faransa ta sanya dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2017, wadda ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna haƙƙin ma'aikaci na kashe na'urorin aiki bayan an tashi. Ba kowace ƙasa ce take da irin wannan doka ba, amma kowane shugaban kamfani yana iya tsara karɓa-karɓa tsakanin mutum biyu ko uku, ya ba mai aikin dare wayar ofis ta musamman wadda za a iya share ta daga nesa idan ta ɓace, ya kuma umarci wanda aka tasa cikin dare ya huta washegari. Tsarin amincewar mutum na biyu da na ambata a sama ma ba zai yiwu ba sai akwai mutum na biyun, wanda ya san rumbun, yake cikin jadawalin aiki, ake kuma biyansa haƙƙin darensa.