Tseren keke na 'yan uku-uku: a ba na farko haƙƙinsa

Da Holan ta ci zinare a tseren keke na 'yan uku-uku na maza a Olamfik na Faris a 2024, sunan Harrie Lavreysen ne ya cika bakin masu sharhi. Ya cancanci yabon. Amma a ganina, wanda aka fi tauye wa haƙƙi a wannan wasa shi ne mai buɗe tsere, irin su abokin wasansa Roy van den Berg, wanda aikinsa ke ƙarewa cikin kusan daƙiƙa 17.

Tsarin wasan ba shi da wuyar fahimta. Mutum uku ne, zagaye uku a filin katako mai mita 250, jimilla mita 750. Kowa zai ja gaba zagaye ɗaya, ya kauce sama, ya bar na bayansa. Lokacin na uku ake rubutawa. Keken ba birki, giya ɗaya ce tak, kuma muddin taya na juyawa feda ma na juyawa. Saboda haka giyar da mutum ya zaɓa kafin tashi, da ita zai gama.

Nan ne wahalar na farko take. Daga tsaye cik yake tashi, wata na'ura na riƙe da kekensa har ƙirge ya kai sifili. Yakan ja ƙugu baya, sannan ya wurga jikinsa gaba daidai lokacin da aka sake shi. In ya yi gaggawa, na'urar ba ta sake shi ba tukuna, ƙarfin ya tafi a banza. In ya yi jinkiri, ya zubar da abin da ba a mayarwa. Kuma shi kaɗai ne ba wanda ke tare masa iska ko na taku ɗaya. Shi ya sa yakan ɗaura giya mai sauƙi fiye da ta abokansa, domin ya ɗauki wuta da wuri. Su kuma masu giya mai nauyi sukan bar ɗan tazara da gangan, su cike ta a ƙarshen zagayen, yadda na biyu zai karɓi gaba yana kan ƙara gudu, har ya haura kilomita 70 a awa.

To, nawa ake magana a kai? A Olamfik na Rio a 2016 Birtaniya ta yi daƙiƙa 42.440, Niyu Zilan ta yi 42.542. Kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne ya raba zinare da azurfa, kuma mummunan tashi ɗaya ya isa ya cinye fiye da haka.

Ƙasashen da suka mamaye wasan sun gane wannan tun tuni. Jamie Staff na Birtaniya, wanda ya buɗe wa Jason Kenny da Chris Hoy a Beijin a 2008, zakaran duniya ne a tseren BMX (na ƙananan kekuna a hanya mai tuddai) kafin ya dawo kan katako. Van den Berg ma daga BMX ya fito, inda tashin farko ke yanke rabin hukunci. Da Staff ya yi ritaya, Birtaniya ta ɗauko Philip Hindes, haifaffen Jamus, ta horar da shi a wannan aiki guda, ya kuma ci zinare da ita a 2012 da 2016.

Akwai hujjar da za a kawo a kan wannan ra'ayi, kuma ba ta banza ba ce. Mai buɗewa da ya fi ƙarfin abokansa matsala ne: in tazarar ta yi yawa, na biyu ya rasa inuwar iska, ya ƙone ƙafafunsa wajen kamo shi, na uku kuma ya iso zagayen ƙarshe a galabaice. Sannan ga wurin miƙa gaba. Doka ta ce tayar gaban mai kaucewa ta riga ta na bayansa tsallake layi, kuma ya bar hanya cikin mita 15. A gasar duniya ta Melbourne a 2012, kuskuren miƙa gaba ya fitar da Birtaniya da Jamus tun a matakin share fage. Duk gaskiya ne. Sai dai in an duba, tazarar da miƙa gaban duka sun rataya ne a kan na farkon: ya riƙa tashi iri ɗaya kullum, ta yadda na biyu zai san daidai inda zai cim masa.

Tarihin da Holan ta kafa a Faris, daƙiƙa 40.949, shi ne karon farko da aka sauko ƙasa da 41. Van den Berg da Lavreysen da Jeffrey Hoogland ne, su ukun da suka ci a Olamfik na Tokyo kuma suka yi 41.225 a Berlin a 2020. An haifi van den Berg a 1988, wato zai kusa cika 40 lokacin Olamfik na Los Angeles a 2028. Kujerarsa ce ya kamata ta fi hana masu horar da 'yan Holan barci.