Katin babban kwastoma, kujerar tsakiya

Shekara huɗu ke nan ina hawan jirgin kamfani ɗaya daga Kano zuwa Legas, kusan sau biyu a wata, saboda kayan shagona na Kantin Kwari. Da kansu suka ba ni kati, suka ce duk ranar da aka samu gurbi a gaba za a mayar da ni can. To, ina gurbin yake?

Ranar Talatar nan tun kafin azahar na isa filin jirgin Malam Aminu Kano. Na miƙa katin, ma'aikaciyar kamfanin ta duba kwamfuta ta ce, "Alhaji, yi haƙuri, gaba a cike take." Na haƙura. Da muka shiga, da idona na ƙirga kujeru uku a gaba babu kowa, haka suka zauna har muka sauka. Ni kuwa ina matse a tsakiya, gwiwa manne da kujerar gabana, jaka a cinya, awa ɗaya da rabi.

Saɓa alkawarin ne ya fi ƙona min rai. A Kwari, wanda ya daɗe yana saye a hannuna ba sai ya roƙi ragi ba. Su kuwa har makin da na tara a katin saboda hawan jirginsu wai zai ƙone a Disamba.