Mala'ika yakan faɗi abin yi, mutum ne ke ɗaukar yaron

An tsinci wani jariri da ransa, wasu suna cewa mala'ika ne ya tsare shi. Masu faɗin haka, koyarwar Kirista tana bayansu. A Matiyu 18:10 Yesu ya hana rena ƙananan yara, don mala'ikunsu kullum suna ganin fuskar Uba a sama. Cocin Katolika ma tana tunawa da mala'iku masu tsaro ranar 2 ga Oktoba.

Sai dai a lura da yadda aikin ke tafiya. A Littafin Farawa sura 21, ruwan salka ya ƙare, Hajaratu ta kwantar da ɗanta gindin wani ɗan itace. Allah ya ji kukan yaron, mala'ika ya ce ta tashi ta ɗauke shi, Allah ya buɗe idonta ta ga rijiya. Ita ce ta cika salkar ta shayar da shi. Haka Yusufu mijin Maryamu, da mala'ika ya gargaɗe shi a mafarki, cikin dare ya kama hanyar Masar da jariri Yesu da uwarsa.

Inda ake kuskure, wasu na yi wa mala'iku sujada, Kolosiyawa 2:18 kuwa ta hana. Abin da ya fi damuna shi ne a yi ta godiya a watse, alhali jaririn nan yana bukatar ɗumi, madara da likita yau.