"Ba ni da abin ɓoyewa": maganar da kamfanonin da ke bibiyarmu a intanet suka fi son ji

Lokacin da kamfanin Meta ya yi barazanar rufe Facebook da Instagram a Najeriya a watan Mayun 2025, bayan kotu ta tabbatar da tarar dala miliyan 220 da FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasa, ta ci shi kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa, martanin mutanenmu ya fi barazanar kanta ɓata mini rai. Kusan duk inda aka tayar da zancen, sai wani ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa, a bar kamfanin ya kwashi abin da ya ga dama muddin ba a taɓa masa shafinsa ba.

Masu faɗin haka ba su san irin idon da aka sa musu ba. Meta Pixel wani ɗan ƙaramin rubutun kwamfuta ne da mai shafi ke dasawa, yana kai wa Meta rahoton abin da ka buɗe da kayan da ka zaɓa, alhali ba ka cikin Facebook a lokacin. Google Analytics na ƙirga ta inda ka shigo da irin wayarka da daɗewarka. Microsoft Clarity da Hotjar kuwa suna naɗar motsinka tamkar bidiyo, inda yatsanka ya taɓa, inda ka tsaya kana shakka, inda ka koma baya. A ɗauki matar aure a Kano wadda ta ɗau waya da tsakar dare tana neman bayani kan rashin haihuwa, kashegari tallan magunguna ya riƙa bayyana a wayar da ƙannen mijinta ke ara. Ba ta yi laifin komai ba, amma an tona mata asiri. Mu da muke rufe kwanon abinci idan za a kai maƙwabta, muke tsayar da baƙo a zaure, yaushe muka yarda cewa sai mai laifi ke buƙatar sutura?

Waɗanda manhajojin bashi suka kwashe lambobin wayarsu, suka aika wa surukai da abokan aiki saƙon cin mutunci, su ma ba su da abin ɓoyewa, har sai da Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane a 2023.

Ana cewa talla ce ke biyan kuɗin abin da muke mora kyauta, kamar dai ba a taɓa yin talla ba sai da leƙen asiri. Da Apple ya fara tambayar masu iPhone ƙarara a 2021 ko sun yarda a bibiye su, mafi yawansu ƙi suka yi, har Meta ya ƙiyasta asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. Ashe yardar da ake tinƙaho da ita tana samuwa ne kawai idan ba a yi tambayar a fili ba. A nan kuwa, doguwar sanarwa ake watso wa mutum da Turancin lauyoyi, a ba shi maɓalli ɗaya mai launi ya danna, sannan a kira wannan amincewa. Wannan yaudara ce, kuma shafukanmu na Hausa da ke dasa waɗannan kayan ba tare da sanar da mai karatu ba suna cikin masu yin ta.

Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba NDPC, hukumar kare bayanai ta Najeriya, iko. Ya kamata hukumar ta tilasta a rubuta sanarwar da harshen da mai karatu ke ji, a sa maɓallin ƙi daidai girman na yarda, kuma ta fara da bankuna da manhajojin cikin gida.