Idan Injin Gudunka Ya Nuna E1, Kada Ka Tilasta Masa

'Yan uwa masu injin gudu a gida, wato treadmill da ake tafiya ko gudu a kansa don motsa jiki, don Allah mu bar wannan ɗabi'ar. Inji ya tsaya, allo ya nuna E1 ko E2, sai mutum ya kashe ya kunna ya sake hawa, har sai ya ji ƙauri. Lambar nan ba a banza ta fito ba. Injin ne ya ga matsala, ya tsayar da kansa kafin wani abu ya ƙone.

Fara da littafin da ya zo da shi, domin kowane kamfani da irin tasa fassarar. A wasu injunan E1 na nufin sensar da ke auna gudu ta daina aiko da saƙo, a wasu kuma wani abu ne daban. In littafin ya ɓace, lambar samfurin tana manne a jikin injin, nemo shi da ita a intanet. Duba makullin tsaro ma, jan nan mai maganaɗisu. In bai zauna daidai ba, bel ɗin da kake takawa ba zai motsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sakaci da mai. Zare filogi, ka zura hannu ƙarƙashin bel ka shafa katakon da bel ɗin ke zamewa a kansa. In ka ji shi ƙamas, babu santsi ko kaɗan, to duk takun da kake yi injin wahala yake sha. Bel na gugar katako, injin na jan wuta fiye da kima, allon lantarkin da ke sarrafa shi na ɗaukar zafi. Ranar da ya gaza sai a ce ai kayan ne ba su da kyau, alhali man silikon kaɗan ne aka hana shi. Silikon zalla fa, ba baƙin mai ko man feshi na WD-40 ba. Wasu bel ɗin ma da kakinsu suke zuwa, ba a sa musu komai, shi ya sa nake nanata maganar littafi.

In za ka buɗe murfin gaba, jira 'yan mintoci bayan zare filogi, domin kapasito, wato abin da ke tara wuta a cikin injin, na riƙe ta ko bayan an zare. Share ƙura, ka duba ko wata waya ta saki ko ƙarfe ya matse ta. Amma da ka ga baƙin tabo a allon lantarki ko ka ji ƙauri, mayar da murfi ka kira mai gyara. Ɗauki hoton lambar ka tura masa, ka faɗa masa ko da kunnawa ta fito ko sai da ka hau.