Ƙannena ɗalibai, ku riƙa tambayar na'urar nan: wa ya faɗa miki?

Assalamu alaikum ƙannena 'yan makaranta, na sakandare da na gaba da ita.

A zangon da ya wuce na ba ɗalibaina aikin gida a kan yadda Turawa suka ci Kano a 1903. Wani yaro da na san shi da ƙwazo ya kawo mini shafi huɗu da Turanci sumul, ba ko tuntuɓe, ya kuma jera littattafai biyar da ya ce daga cikinsu ya ɗebo bayanin. Na duba laburare, na duba intanet, uku daga ciki babu su a duniya. Da na kira shi bai yi mini gardama ba. Cewa ya yi, "Wallahi Malam ChatGPT ne ya ba ni, ban ɗauka kwamfuta tana ƙarya ba."

Wannan maganar ta fi satar amsar tayar mini da hankali. Satar amsa tsohuwar cuta ce, tun muna yara ake fama da ita. Amma yaro mai hankali ya sallama wa na'ura kansa baki ɗaya, har ya ɗauka ba ta kuskure, wannan sabon abu ne, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ku fara sanin abin da ke hannunku. Ƙirƙirarriyar basirar da ke cikin ChatGPT, wanda kamfanin OpenAI ya saki a ƙarshen Nuwamban 2022, da Meta AI da ya shigo mana WhatsApp a 2024, an ɗora su ne a kan tarin rubuce-rubucen mutane masu yawan gaske, har suka laƙanci wace kalma ce ta saba biyo bayan wace. In ka yi tambaya, sai na'urar ta riƙa jero kalmomin da suka fi kama da amsa. Sau da yawa takan dace, don abin da ta karanta yana da yawa. In kuma ba ta dace ba, muryarta ba ta canzawa, da ƙarfin gwiwar da ta faɗi gaskiya da shi za ta faɗi shirme. Malamanmu na zaure sukan ce "ban sani ba" rabin ilimi ne, kuma Imamu Malik da girmansa ya shahara da faɗinta. Ita na'urar nan da wuya ka ji ta faɗe ta.

Kada ku ce yara kaɗai take rufta wa. A 2023 wasu lauyoyi biyu a birnin New York na Amurka suka shigar da takarda gaban kotu ɗauke da hukunce-hukunce shida da ChatGPT ya ƙago, ba a taɓa yanke ko ɗaya ba. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000, sunansu ya zagaya duniya. Mutanen da suka yi shekaru suna karatun shari'a ke nan, sun ga rubutu ya yi kyau suka ƙi bincikawa.

Mu kuwa namu ya fi tsanani. Galibin abin da na'urar ta karanta da Turanci yake, na Hausa ɗan kaɗan ne. Saboda haka duk lokacin da tambayarka ta matso gida, tarihin garinku, ma'anar karin magana, wani hukunci na fiƙihu, nan ne ta fi zamewa, nan ne kuma ta fi cike gurbi da ƙirƙira. Ku gwada da kanku. Ku tambaye ta abin da kuka sani sarai, kamar jerin hakiman gundumarku ko asalin sunan unguwarku, sannan ku kai wa kakanku amsar ku ga abin da zai ce.

Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin wannan yana cikin gidanmu tun da daɗewa. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya gaskiyarsa, yaya ƙarfin haddarsa. Isnadi ke nan. A Suratul Hujurat ma an umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Yaron da ya tashi a kan wannan tarbiyya bai kamata ya karɓi aya ko hadisi daga bakin waya ya tura wa jama'a ba tare da ya buɗe Mus'hafi ko ya tambayi malami ba. Haka lissafi, haka kimiyya, haka tarihi. In ta ba ka sunan littafi, nemo shi. In ta ba ka shekara, duba ta a wani wurin. In ta warware maka lissafi, bi shi layi layi da fensirinka.

Ba cewa nake ku jefar da ita ba. Makarantun gwamnati na birnin New York sun hana ChatGPT a Janairun 2023, kafin ƙarshen Mayu suka janye, don ba a tare ruwa da kwando. Ni kaina ina amfani da ita. Sai dai akwai tsari. A makarantar allo ba ka wanke allonka sai ka biya wa malam karatun ya ji ya zauna. Ka fara gwada aikin da kanka, ka sha wahalarsa, ka rubuta abin da ka iya ko da gurguwar Turanci ne. Bayan nan ka ce ta nuna maka inda ka kauce, ko ta sake maka bayanin abin da ya shige maka duhu, ko ta yi maka tambayoyi ka amsa. Wahalar nan da kake gudu ita ce karatun. Ranar WAEC ko NECO ko JAMB ba wayar da za ta bi ka cikin zaure. Ƙanwata mai karatun aikin jinya, ke kuma wata rana marar lafiya ne zai kwanta gabanki da tsakar dare, abin da ya zauna a kanki shi za ki auna magani da shi.

Sannan ku kula da abin da kuke zuba mata. Hoton 'yar ajinku, sirrin gidanku, lambar katin zama ɗan ƙasa, duk ba wurinsu ba ne. Mai haɗa hoton ƙarya na ɗiyar mutane don a yi dariya a zauren WhatsApp, ya sani mutuncin wata ya taɓa, kuma hakki ne a wuyansa.

'Yan'uwana malamai, mu ma da namu. Manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura ba abin dogaro ba ne, OpenAI da kansa ya janye nasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. Kada mu zalunci yaro a kan hukuncinsu. Ka tsayar da ɗalibi minti biyu ya yi maka bayanin abin da ya rubuta da Hausa, za ka gane ko nasa ne.

Shi yaron nan ban ba shi sifiri ba. Na mayar masa da takardarsa na ce ya ja layi a ƙarƙashin kowace magana, ya nemo mini inda aka tabbatar da ita, wadda bai samu ba ya soke. Bayan mako biyu ya dawo da shafi ɗaya da rabi, rubutun hannu, da littattafai biyu da ya aro a laburare. Na ce ya rufe takardar ya ba ni labarin da baki, ya kuwa ba ni tun daga faɗuwar Bebeji har shigar Turawa birni.