Tsawar gudu ba bam ba ce, a gaya wa mai dayis ashirin

Wata biyu ke nan ina haɗiye maganar nan, yau dai sai ta fito. Ba zan kama sunan kowa ba. Jifa ce a kasuwa, wanda ta faɗo wa ya san inda ta same shi.

Akwai wani bawan Allah da ya zauna a teburin da nake jan wasan labari sau ɗaya tak, ya ga ƙa'idar da na tsara wa tsawar da abu ke yi idan ya wuce gudun sauti, ya kwashe da dariya a gaban 'yan wasana. Wai tsawata ko kaza ba za ta kashe ba. Ban tanka ba, don baƙo ne. Ba a jima ba sai ga shi ya fito da tasa ƙa'idar, har da rubuta mata a sama cewa ita ce ta dace da kimiyya: da zarar jarumi ya kai gudun sauti, sai a zana da'ira a inda yake, a watsa dayis (ƙwayar jifa mai lambobi irin ta ludo) ashirin masu fuska shida, duk wanda ke ciki a zabge masa makin rai, wato makin da idan ya ƙare ya mutu a wasan. Shi kansa jarumin sai ya jefa dayis don kada ya kurumce.

Da cewa ya yi tsafi ne, wallahi da bakina alaikum. Wasan labari na kan tebur ba ajin kimiyya ba ne, mai jan labari yana da damar cewa aljani ya yi tsawa gari ya rushe. Amma ka ce kimiyya ce, yara masu shigowa wasan su haddace su tafi da ita? A nan muka raba hanya.

Sauti yana tafiya kusan mita 343 a daƙiƙa a iska mai matsakaicin ɗumi, wajen kilomita 1,235 ke nan a awa. Abin da ya fi shi gudu ba ya fasa wani bango sau ɗaya ya wuce. Iskar da ke gabansa ce ba ta samun labarin zuwansa balle ta kauce, sai ta dunƙule, ya riƙa jan ta a bayansa da siffar mazurari, kamar yadda kwalekwale ke jan igiyar ruwa. Muddin yana kan wannan gudun, tsawar tana biye da shi, tana sharar ƙasa kamar ana shimfiɗa darduma. Kai da ke tsaye sau ɗaya za ka ji ta, lokacin da gefen mazurarin ya ratsa ta kanka, kuma sau da yawa ƙara biyu ce a jere, ta hancin jirgi da ta wutsiyarsa. To ina da'ira ta shigo? Wanda ya zana da'ira, gurneti ya tsara, ya laƙa masa sunan da ba nasa ba.

Batun kurumcewar jarumi kuwa, tun ranar 14 ga Oktoban 1947 matuƙin jirgi Chuck Yeager ya wuce gudun sauti a jirgin Bell X-1 ya sauko da kunnuwansa garau. Jirgin Concorde ya yi jigilar fasinjoji daga 1976 zuwa 2003 da ninki biyu na gudun sauti, suna zaune suna hira. Wanda ke ciki ba ya jin tsawar, a bayansa ya bar ta.

Mu zo kan dayis ashirin ɗin nan, don su ne abin tinƙahonsa. Tsawar Concorde, daga can ƙololuwar da yake tafiya, ƙarin matsin da take saukewa a ƙasa bai wuce laba 2 a kan kowace ƙafa murabba'i ba. Iskar da muke zaune cikinta kullum tana danna mu da laba 2,100 da 'yan kai. Kashi ɗaya cikin dubu ke nan. An taɓa auna laba 144 daga jirgin yaƙi F-4 da ya wuce ƙafa 100 kacal a saman masu bincike, babu wanda ya ji rauni. Dodon kunne sai wajen laba 720 yake fashewa, huhu kuwa sai an haura 2,000. A 1964 hukumomin Amurka sun shafe wata shida suna sakar wa birnin Oklahoma tsawa, kusan takwas a rana, jimilla 1,253, don su ga iya juriyar jama'a. Me aka samu? Tagogi sun fashe, filasta ta tsage, dubban mutane sun kai ƙorafi, ransu ya ɓaci matuƙa. Irin wannan ɓacin ran na cikin abin da ya sa a 1973 aka hana jiragen fasinja wuce gudun sauti a saman ƙasar. Da ƙa'idar mutumin nan gaskiya ce, da tun makon farko babu sauran mai kai ƙorafi a garin.

Ni ba cewa na yi tsawar ba ta ɓarna ba. Tana yi, sai dai ba nama take ci ba, gilashi take ci, gilashin kuma ya ci nama. A 1959 wani jirgin yaƙi F-104 ya wuce ƙasa-ƙasa ta saman sabon ginin filin jirgin Ottawa da ke Kanada, ya ragargaza gilasansa, sai da aka ɗage buɗe ginin zuwa shekara ta gaba. Ranar 15 ga Fabrairun 2013 dutsen sararin samaniya ya tarwatse a saman Chelyabinsk ta Rasha. Wannan fashewa ce, ta fi ƙarfin tsawar jirgi nesa ba kusa ba, amma ku duba yadda raunin ya zo: mutane sun ga haske, sun ruga tagogi kallo, bayan 'yan mintoci bugun ya iso. Kusan mutum 1,500 suka nemi magani, akasarinsu yankan gilashi ne.

Wannan ratar da ke tsakanin gani da ji, ita ce zuciyar ƙa'idata, kuma ita ce abin da mai dariya bai hango ba. A wasanni irin Dungeons & Dragons zagaye ɗaya, wato lokacin da kowa ke yin motsinsa sau ɗaya, daƙiƙa shida ne. Cikin daƙiƙa shida mai gudun sauti ya ci kilomita biyu. A taswirar da kowane gida yake inci ɗaya a madadin ƙafa biyar, gida 1,350 ke nan, sai ka nemo tebur mai tsawon mita 34. Saboda haka na daina ɗora shi a kan taswira kwata-kwata. Layi nake ja in ce ta nan ya bi, sannan in tambaya: girmansa nawa, tsayinsa daga ƙasa nawa, me ke ƙarƙashin layin? Girma na da muhimmanci, don ƙarar bulala ma tsawar gudu ce, bakinta ne ke wuce sauti, kuma ba ta taɓa fasa tagar kowa ba. Idan abin yana can sama, ba na taɓa makin ran kowa. Mai karanta tsafi zai jefa dayis kada hankalinsa ya watse, masu gadi za su farka, dawakai za su zabura. Idan ƙasa-ƙasa ne, tagogi su zube, na kusa da su ya sha yanka, kowa ya yi zagaye biyu ko uku kunnensa na ƙugi. Sannan ba a take tsawar ke sauka ba. Abin da ke tsayin kilomita 15 da ninki biyu na gudun sauti, sai ya wuce ka da kusan kilomita 25 kafin ka ji shi, zagaye shida ko bakwai a ƙiyasce.

Na ga amfanin wannan da idona. Wata rana dodon labarinmu ya gifta ta saman gari shiru, kamar inuwa. Na ajiye dayis ɗaya a tsakiyar tebur, fuskar uku na sama, ban ce uffan ba. Da zagaye ya ƙare na juya shi zuwa biyu. Wata 'yar wasa ta ƙura masa ido, ta duba taswira, ta ga jarumarta na tsaye a zauren da bangonsa duk gilashi ne, yara cike. Ta miƙe daga kujera har fensirinta ya faɗi, ta ce: «Ku kwanta! Kowa ya shige ƙarƙashin benci!» Zagaye biyun da suka rage, duk teburin jan yara yake daga bakin taga. Babu wanda ya rasa maki ko ɗaya, amma har yau wannan daren suke ba da labari. A teburin mai da'ira me za su yi? Su jefa, su ƙirga, su goge lamba.

Abin da ya fi ci min rai na bar shi ƙarshe. Jadawalin tsayin da ya buga a ƙasan ƙa'idarsa, ni na san hannun da ya rubuta shi. Layuka biyar ne, a jeren da na yi su, da rabon tsayin da na yi, lambobin ɓarna kawai ya kumbura. Ban hana kowa ɗauka ba, don a yi amfani da shi na raba wa waɗanda suka zauna da ni. Amma ka yi wa abu dariya da rana, ka dawo da dare ka kwashe, ko ka ce daga wurin wane na samo? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Layi na huɗu a jadawalina na dawakai ne, na saka shi don ɗaya daga cikin 'yan wasana jaruminsa ba ya rabuwa da dokinsa. Layin na nan daram a nasa: doki ya zabura ya yi gudun zagaye biyu. A shafi guda kuma an ce duk abin da ke cikin da'ira ya sha dayis ashirin, wanda a matsakaici maki 70 ne, dokin hawa kuwa makin ransa bai kai 20 ba. Sai ya zo ya nuna mana yadda mataccen doki ke gudu.